Faifan Babana a Ƙarƙashin Kwano

Mutane suna cewa don sha'awa nake tara tsofaffin faya-fayen garmaho. Wace sha'awa? Muryar babana nake nema. Sha'iri ne mai begen Manzon Allah, sau ɗaya tak aka ɗauki muryarsa a faifai, ya rasu ina goye a bayan Inna. Faifan da yake gidanmu wani ya ara, har yau bai dawo da shi ba, Allah ya isa.

Na bi 'yan gwanjo a Kazaure, na bi na Babura da Roni, duk faifan bege ko na karatu da na gani sai na saya. Ɗakina ya cika da muryoyin iyayen wasu.

Da Inna ta kwanta ciwo, wata rana ina ba ta kunu ta ce, "Fuskar babanka tana nan, amma muryar ta ɓace mini. Ina so in ji shi kafin in tafi." Na kasa cin abinci ranar. Mai gyara mini garmaho ne ya ce in je Gwiwa, wajen matar marigayin da yake yi wa babana amshi.

Tsohuwar ta karɓe ni da kuka da na faɗi ko ni ɗan wane ne. Ta ce, "Faifan yana nan, ɗana. Ban taɓa bari ya taɓa ƙasa ba." Ta nuna mini sama. Can jikin azara, daf da kwanon rufi, ta soke shi cikin farin ƙyalle, domin abin da yake ɗauke da sunan Ma'aiki ba a ajiye shi inda za a tsallaka. Na hau na sauko da shi. Zafin kwano na shekara da shekaru ya lanƙwasa shi kamar busasshen ganyen kabewa.

Wallahi raina ya ɓaci, har na buɗe baki. To me zan ce wa matar da girmamawa ce ta sa ta? Na durƙusa na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Ta shafa kaina tana murna.

A gida na kai garmahon gefen gadon Inna. Na ɗora allura a bakin faifan, ta yi tsalle. Na matsar da ita, ta sake tsalle, sai ƙara kawai kamar ana yaga zane. Na yi ta matsarwa har na kai kusa da tsakiya, inda bai lanƙwashe sosai ba. Nan murya ta fito, siririya, ta saurayi. Ashe na girmi babana nesa ba kusa ba. Baitin ƙarshe ne, sai salatin rufewa, sai shiru.

Inna ta rufe ido. "Shi ne," in ji ta. "Mayar da shi farko."

Na ce, "Inna, iyakar abin da ya rage ke nan."

Hawaye ya gangara cikin kunnenta. Sannan ta ce, "Ko zama bai yi ba ya yi sallama. Haka ya yi mini wancan karon ma."