Sau Uku Inna Tana Cewa Da Sauƙi

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, wato ni ne mutumin da ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, balle ta gaya masa abin da ke damunta. Na yi shekaru ina koyarwa a Tambuwal wannan kunyar ba ta taɓa tsone mini ido ba, sai shekarar da ta daina cin abinci.

Ƙanwata ce ta kira ni daga ƙauyenmu na ƙasar Kebbe ta ce in zo in ga tsohuwa. Na tarar da ita zaune gindin rumbu, zane na neman zame mata saboda rama. Tukunyar daddawarta, wadda tun ina yaro ban san ta da hutu ba, tana kife, kaji sun mai da ita wurin hawa. Na durƙusa na ce ya jiki. Ta kalli katanga ta ce da sauƙi.

Na ɗauko ta zuwa gidana. Sau uku ina kai ta asibiti, sau ukun abu ɗaya ne. A gida ba ta iya gama kofin kunu, amma da ta zauna gaban likita sai ta gyara mayafi, ta gaishe shi da aiki, ta gaishe shi da iyali, har da tambayar iyayensa. Ya ce ya jiki, ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Ina tsaye a kanta kamar in fashe. In na ce ba ta cin abinci, ta ce tana taɓawa. In na ce ba ta barci, ta ce tsufa ne. Aka auna jini, aka auna sukari, ba a ga komai ba. Ban ga laifin likita ba; dattijuwa ta ce maka ta samu sauƙi, kai wane ne da za ka ƙaryata ta? Dangi kuwa kowa ya zama masani, wannan ya ce sammu, wancan ya ce iska. Rubutu ta sha, hayaƙi ta shaƙa, ramar na nan.

A gidan kuma akwai babbar 'yata mai karatu a kwaleji, ita nata halin akasin na kakarta ne. Abu kaɗan ya taɓa zuciyarta sai ta ɗora a waya, baƙin hoto da "ina cikin damuwa", kowa ya gani. A bakin abokan aikina nake jin halin da 'yata ke ciki. Da na ji har ta je da ƙafarta wajen wata ma'aikaciyar lafiya ta zazzage mata cikinta, na yi faɗa ba kaɗan ba. Na ce ƙoshi ne ke damunta, mu da muka yi karatu da fitilar ƙwai ba mu san wani ciwon damuwa wai shi difireshin ba. Uwa ba ta cewa komai, 'ya ba ta rage komai, duk sun ishe ni.

'Yar tawa ce ta dage a kai Inna wajen ma'aikaciyar nan. Na ƙi, sai da na ga kwana biyu ana mayar da tuwo ko gutsura ba a yi ba. Da muka shiga na ja kujera zan zauna, yarinyar nan ta dube ni.

"Baba, ka ɗan fita. In kana nan ba ta faɗin komi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na kawo su, ni aka kora. Na zauna kan benci ƙarƙashin taga, ban yi niyyar saurare ba, amma ban matsa ba.

Matar ba ta ce ya jiki ba. Ta tambayi Inna wa ke taya ta hira a gida. Sai jikar ta shiga tsokanarta yadda suka saba, wai tsohuwa ta bar daddawa ne don ta gane tata ba ta da daɗi.

"Da wa zan yi ta?" in ji Inna. "Wadda nika yi da ita ta tafi. Tun muna amare muke tare. Da tar rasu kowa ya wuce ƙofata ya shiga gidansu gaisuwa. Ni ba wanda yac ce min ya haƙuri, tunda ba jini munka haɗa ba."

Maƙwabciyarmu take nufi, aminiyarta, wadda ta rasu bayan girbi. Na je ta'aziyyar. Na zauna da 'ya'yan marigayiyar aka yi addu'a, na leƙa gida na ce wa Inna zan koma saboda makaranta, na tayar da babur. Ina cikin waɗanda suka wuce ƙofarta.

Matar ta ce a riƙa kawo Inna duk mako, ta kuma ce abin zai ɗauki lokaci. Da muka isa gida na jira Inna ta zauna kan tabarma, na cire takalmi na durƙusa.

"Inna, ya haƙuri?"

Na zaci za ta kalli katanga ta ce da godiya. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ni kuma ina durƙushe da gaisuwar da na kawo mata bayan wata biyar.