Gwiwar da Na Ɓoye wa Fasinja

Kakata Inna Dije ba ta taɓa shiga mota ido buɗe ba don tsoro, amma kwanakin nan ita nake tunawa duk lokacin da na riƙe sitiyari. A ƙauyenmu na bayan Bagwai, in an gama girbi, da an ci tuwo bayan magariba sai ta tura karan dawa cikin murhu. Mu jikoki mu kewaye ta, gyaɗa na gasuwa a toka. Ni takan jawo kusa ta ce, “Matso, mijin da ba cefane. Ku kuma ku kama bakinku, ga wata ta taso.”

Akwai tatsuniyar da ta ba mu a kan wani mai amalanke da baƙin sansa. San nan ba ya jin maganar kowa sai ta ubangidansa. In ya ce tafi ya tafi, in ya ce tsaya ya kafe. Mutumin ya cika ƙauye da alfahari, yana yi wa masu jakuna dariya, wai jaki ko yaron goye ya kora. Wata shekara ciwo ya kama maƙogwaronsa, murya ta ɗauke. Bai gaya wa kowa ba. Ya ja rawani ya rufe baki, yana gaisawa da hannu. Ranar kasuwa mata suka loda tukwanensu suka hau. Da suka zo gangaren rafi ya buɗe baki zai ce tsaya, sai iska kawai ta fito.

“Sai me, Inna?”

“Tukwane suka tarwatse, wata ta karye a ƙugu, ba ta ƙara miƙewa ba.”

Na ce, “Kai, san nan mugu ne.”

Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, “Maigida, sa bai yi wa kowa ƙarya ba.” Ban gane ba. Hankalina yana kan gyaɗa.

Ban yi nisa a boko ba, na zama direba, ina jigilar fasinja daga Bagwai zuwa Dawanau. Motata tsohuwa ce mai giyar hannu, kuma na so ta har son ya zama cuta. A tasha ni ne mai baki. Nakan ce motocin yanzu duk kamar sabulun da ya sha ruwa suke, ba goshi ba ƙeya, ƙarfensu kamar gwangwanin madara. Da abokin aikina Sale ya sayi otomatik, motar da ba ta da kuloci, na hana shi sakat. “Sale, wannan ai ba tuƙi ba ne, zaman kujera ne.” Ran da ya nuna mana mota mai lantarki a wayarsa, ya ce nan gaba ita za mu hau, na ce, “Motar da ba ta ko tari? Akuya ma ba za ta kauce mata ba. In caji ya ƙare a daji, tura ta za ka yi ta tashi?” Aka yi ta dariya, ina jin daɗi.

Tun damina gwiwata ta hagu, wadda ke taka kuloci, ta fara riƙewa. Na shafa man zafi, na ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin wando, ko matata ban gaya wa ba. Ta yaya mai wannan baki zai ce ƙafarsa ta gaza? Na koma tsallake giya, ina sakin mota firi a gangare don ƙafar ta huta, da mutum tara a bayana.

Ranar Alhamis ina tsallaka babban titi, gwiwar ta ƙi lanƙwasawa. Mota ta mutu a tsakiya. Tirela ta wuce gabanmu, tsakaninmu bai fi taƙi ba. Da na samu muka fita, sai na ce, “Giya ce ta maƙale.” Wata dattijuwa mai buhun wake ta ce, “Allah ya yi maka albarka, direba, ka cece mu.” Addu’ar nan ta fi zagi yi mini ciwo. Tun ranar, in na rufe ido tayar tirelar nake gani. A nan na gane maganar Inna: ciwo ba laifi ba ne, Allah ke kawo shi. Laifin shi ne ka ɓoye shi ga wanda ya ba ka amanar ransa.

Yau da safe na je tasha ban yi lodi ba. A gaban kowa na ɗage wando na kwance tsumman, na faɗi abin da ya faru. Na ce Sale ya yafe mini. Ina jiran ramuwa, kuma na cancance ta.

Sale ya buɗe ƙofar motarsa ya ce, “Shiga, sarkin giya. Zaman kujera ne, ba wuya. In likita ya yarda, mu riƙa karɓa-karɓa.”

Ban san abin da likita zai ce ba, ban san ko zan sake ɗaukar fasinja ba. Na zauna, na tayar da motar. Ƙafata ta hagu ta miƙa da kanta tana neman abin takawa, ta tarar babu komai a wurin.