Yadda Na Tsokano Hajiya Ta Shiga Jirgin Ƙarƙashin Teku

Har gobe ban manta da ranar da Hajiya Tabawa ta tashi daga kekenta na marasa lafiya ba. Ku masu shiga aikin jinya, ku saurara.

Ɗanta, Kumanda Isufu, shi ya ɗauko ni daga Dakoro. Kumanda a soja yana gaban kaftin. An tura shi ƙarin karatu Faransa, ya tafi da uwarsa aka yi mata aikin ƙugu. Nawa aikin wanka ne da magani da abinci. Dokotoro ya ce ƙashi ya kama, amma ba zai bari ta hau jirgin komawa gida ba sai ta taka da ƙafarta. Hajiya ta ƙi. An yi lallashi, an yi roƙo, ko gezau.

Wata Lahadi Kumanda ya zuba mu a mota muka bi bakin teku, wai ta sha iska. Shan iskar soja kuwa gidajen tarihin yaƙi ne. Mun ga igwa, mun ga tsofaffin kaki, har muka iso wani baƙin ginin siminti marar taga, ya fi kasuwar bisashenmu faɗi. Ya ce Jamusawa suka gina shi lokacin babban yaƙi, don ɓoye jiragen da ke tafiya ƙarƙashin ruwa. Ga jirgi ɗaya an ajiye ana shiga kallo. Mai gadi ya ce keke ba ya shiga.

Hajiya ta ce, "Ku tahi. Ni ban shiga tulu."

Kun san ni, ba na wasa wurin aiki. Amma Hajiya Bagobira ce, ni Bakatsina, abokan wasa ne mu tun kakanni, tsakaninmu ba a riƙe magana. Na ce, "Kumanda, ƙyale ta. Dama Gobirawa yaƙin baki gare su. Tsagen fuska har kunne, an ga tulu an yi laƙwas."

Kumanda ya zaro ido.

Hajiya ta ce, "Ke baiwata, ni kike wa? Miƙo sandata!"

Wallahi sai ga ta tsaye. Cikin jirgin matsi ne, tana dafa ƙarafa tana zagina. Ta ga gadajen sojojin, wani bisa wani kamar jeren kwalla, ta ce, "Ga ɗakin amaren Katsina!" Na juyo in rama, na gwara goshi da ƙofa, ƙwam! Ta yi dariya har hawaye. Ni da ba a ganin haƙorana, sai da na durƙusa. Nasarun da ke kallo suka kama dariya, ba su san kan zance ba. Kumanda yana ɗaukarmu a salula don ya gwada wa dokotoro.

Muka ɓulla ta ɗaya ƙofar, mai gadi ya turo keke. Hajiya ta ce, "A ɗora Bakatsina, ita ce marar lahiya."

Ladabi shi ne gindin aikinmu, kada ku sake shi. Amma ku san asalin wanda kuke jinya. Hajiya ta dawo Dakoro da ƙafarta, ni na dawo da ƙulu a goshi.