Ranar da Maigidana Ya Maƙale a Kan Katanga

Maigidana malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma dattijo ne a cocinmu da ke Tarauni. Mu mutanen kudancin Kaduna ne, amma a Gyadi-Gyadi muka haifi yaranmu, a nan muka aurar da su, har gidan ya rage daga ni sai shi. Mutum ne mai sanyin hali, sai dai idan ya ɗauki abu da gaske ba mai iya tanƙwara shi.

Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan ƙananan ƙarairayi, irin waɗanda muke yi ba ma ko sa su cikin lissafin zunubi. Ya ce bai kamata mai bi ya zama da baki biyu ba, ɗaya na coci ɗaya na gida. Ni dai na ce amin tare da jama'a, hankalina yana kan waken da na bari a jiƙe. Shi kuwa tun a cikin adaidaita yake ta juya maganar a ransa. Muna shiga gida ya zaunar da ni.

"Maman yara, daga yau na daina ƙarya, babba da ƙarama. Ke ce shaidata. Duk ranar da kika ga na kauce ki faɗa mini a gaban idona, kada ki ji nauyina."

Na ce, "Au, da ma kana yi?"

"Kullum. Ko jiya na ce miki miyar kukar nan ta yi daɗi."

Ranar dai da kansa ya ɗebo ruwan wankansa.

Unguwa ma ba ta tsira ba. Maƙwabcinmu Alhaji, mai shagon atamfa, mutumin kirki da muka daɗe muna zaman lafiya da shi, ya fito da safe ya ce, "Malam, ina kwana, ina gajiya?" Kowa ya san amsar, ba gajiya. Sai maigidana ya ce, "Akwai gajiya, Alhaji," ya shiga ba shi labarin ciwon bayansa tun daga tushe. Bawan Allah yana riƙe da makullin mota, yana ta "Allah ya sauwaƙe," har ya makara kasuwa. Idan kuma aka kira shi a waya daga taron dattawa aka ce yana ina, ya daina cewa ga shi nan a hanya. Sai ya ce, "Ina gida, ko wanka ban yi ba, kuma ba wani dalili, barci na koma."

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar jarrabawar ita ce shugaban mawaƙan cocinmu. Mutum ne mai tsoron Allah, mai ladabi, amma ya yi imani an ba shi baiwar tsara waƙa, kuma ya zaɓi maigidana ya zama mai fara saurare. Kowace Asabar da hantsi sai ga shi daga Darmanawa da ɗan piyanonsa mai batir a hammata. Waƙa ɗaya tana iya farawa daga halittar duniya, kafin a kai ga Nuhu tuwon rana ya huce. A da, abin da muke yi ba wuya. Maigida ya shige ɗaka ya kwanta, ni in fita in ce ya fita. Yanzu wannan ƙofa ta rufe.

Da Asabar ta zo na ga maigidana yana jingina tsani a katangar baya. Bayan katangar kango ne na Alhaji, inda Hajiyarsa take kiwon kaji.

"Idan na tsallaka ba na cikin gidan nan," in ji shi. "Kin ga ke kin faɗi gaskiya, ni ma ban sa ki ƙarya ba."

Haka kuwa aka yi. Dattijon coci, da furfurarsa, ya haura ya sauka ta kan tarin bulo, ya zauna cikin kaji da jaridarsa. Baƙo ya yi sallama, na ce masa Baba ba ya cikin gida, ya juya ba daɗi.

Da ya dawo yana kakkaɓe gashin kaji na ce, "Baban yara, ka ce in faɗa maka. Wannan ƙarya ce, tsani kawai ka sa mata. Mutumin nan ya tafi yana zaton kana asibiti ko banki."

"Zatonsa ne, ba maganata ba."

"To, ka faɗa wa Ubangiji haka a addu'ar yamma."

Na lura da yamman nan addu'arsa ta yi gajarta. Duk da haka, Asabar ta gaba ya sake jingina tsaninsa.

Abin da bai sani ba, a cikin makon Hajiya ta sayo wani ƙaton talo-talo, namiji, mai mugun hali. Maigida ya hau, ya ɗora ƙafa ɗaya ta wancan gefen, sai tsuntsun nan ya bubbuɗe jela ya taso masa, ya cafki yatsan ƙafarsa. Ya zabura, ɗaya ƙafar ta shuri tsani, tsani ya faɗi. Ga shi nan a kan katanga kamar mai hawan jaki, ƙafa ɗaya a gidanmu, ɗaya a kangon Alhaji, wando ya yage tun daga gwiwa. A daidai lokacin aka yi sallama.

Na buɗe ƙofa. Shugaban mawaƙa ya rusuna ya gaishe ni.

"Mama, Baba yana nan?"

Na yi tunani sosai, don ni ma wa'azin ya fara kama ni. Na ce, "Rabinsa yana nan. Shigo ka gani."

Ya biyo ni har bayan gida, ya ɗaga kai, ya saki baki. Hayaniyar talo-talo ta fito da Alhaji ma, ya leƙo ta cikin kango yana ƙoƙarin danne dariya, ya kora tsuntsun da hularsa.

"Baba, me kake yi a can sama?" in ji shugaban mawaƙa.

Maigidana ya dube ni. Na san abin da yake nema. Yana iya cewa katangar yake dubawa saboda damina, kowa zai yarda. Ni kuwa na naɗe hannu na zuba masa ido. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, gudunka nake yi. Makon jiya ma ina nan cikin kajin nan lokacin da ka zo. Waƙoƙinka sun yi mini tsawo, na kasa faɗa maka, na zaɓi in yaudare ka. Ka yafe mini."

 Tausayin shugaban mawaƙa ya kama ni, don na ga idonsa ya kaɗa. Ya ajiye piyanonsa a kan turmi, ya ɗaga tsani ya riƙe wa maigida har ya sauko. Sai da suka zauna a inuwa ya yi magana.

"Ashe shi ya sa matata take tuna tana da aike duk lokacin da na sa batir. Baba, da ka faɗa mini tun farko ai da na rage."

"Tsoron ɓata maka rai na ji."

"Ran ya ɓaci kam. Amma gara da na ji daga bakinka."

Suka yi addu'a tare, maigida yana riƙe da yagaggen wandonsa da hannu ɗaya. Suka kuma yi yarjejeniya, waƙa ɗaya kowace Asabar, kuma maigida zai faɗi ra'ayinsa tsakani da Allah. Da yake mutumin tela ne, ya ce lallai sai an ba shi wandon ya tafi da shi.

Asabar ta gaba ya dawo da shi a ɗinke, a goge. Ya rera waƙa ɗaya, ya tsaya yana jira. Maigidana ya ce baitin tsakiya ya taɓa masa zuciya, sauran kuwa suna bukatar aiki. Tela ya ɗan ɓata fuska, ya sake rera baitin tsakiyar shi kaɗai, a hankali. Ina daga kicin na ji maigida ya kama amshi da muryarsa ta tsufa. Na zuba musu tuwo da zafinsa na kai musu.