Ranar da Adda Daso ta ɗauke mini jariri

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Adda Daso. Ni ban san kalanda ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma ba a kama ni da mantuwa. Ta rasu a daminar da ruwa ya cinye shinkafar mutanen Miga. Abin da ya haɗa ni da ita kuwa ya girmi jihar Jigawa, tun Dutse ba ta san manyan ofisoshi ba.

Bafulatana ce mai tallar nono. Ba gidan da ƙwaryarta ba ta shiga a ƙauyenmu, har takan gane mai ciki kafin mijin ya sani. A zamaninmu ciki ba ya ɗauke wa mace komai. Surfe, daka, ɗiban ruwa, har ranar naƙuda, kuma kunya ba ta bari ki ce wash a gaban dangin miji. Ita kaɗai ke fizge taɓarya daga hannuna ta ce, "Zauna, 'yar Kaɗo, kada ki haife shi a turmi."

A haihuwata ta uku na sami namiji bayan mata biyu. Gida ya cika da murna, ni kuwa zazzaɓi ya rufe ni, jinin biƙi ya soma wari. Yaya Ladi, yayar maigidana, ita ke yi mini wankan jego. Ta ce sanyi ne ya shige ni, ta ƙara itace a murhu. Malam, Allah ya jiƙansa, ba mugun miji ba ne. Ya yi mini rubutu na sha, ya ce mai jego ba ta fita, a bari a yi suna tukuna. Ga rago a ɗaure, an raba goro, an gaya wa wanzami.

Ana gobe suna, da hantsi, Adda Daso ta shigo barka. Ta tsaya a ƙofa ta shaƙi iskar ɗakin, ta taɓa wuyana, ta fita. Ina kwance ina jiyo ta a tsakar gida.

"Allah gafarta Malam, matarka asibiti take so, yau."

"In Allah ya yarda jibi, bayan suna."

"Jibi sai dai ku haɗa suna da zaman makoki."

Yaya Ladi ta ce, "Ke Bafulatana, nono kika kawo ko shari'a?"

Adda Daso ta juyo. Ta dawo ɗaki ta sauke ƙwarya, ta naɗe jaririn a zani ta rungume, ta raɗa mini, "Kwantar da hankalinki." Ta ratsa tsakar gida tana cewa, "Mai son ɗansa ya same ni a bakin titi. Ya taho da uwar, don ba zai sha nonon saniya ba."

Jama'a, gidan da ya yi kwanaki bai motsa saboda ni ba, nan take ya kiɗime. Aka ɗaure shanu a amalanke, aka ɗora ni, Malam yana gaba da rawani a hannu. Muka iske ta a gindin tsamiya, ta riga ta tsayar da motar kasuwa. A Dutse aka ce guntun mabiyiya ne ya rage a ciki. Aka yi mini wankin ciki, aka sa mini ƙarin ruwa. An raɗa wa yaro suna Sagiru ba ya nan, aka ci rago ba mu, wanzami ya jira dawowarmu.

Yanzu in na ga jikata ta ɗauki waya ta kira mai adaidaita sahu za ta awo, mijinta na riƙe mata jaka, sai in ce ina ma Adda ta gani. Na san dariya za ta yi, ta ce 'ya'yan Kaɗo sun yi hankali. Alhamdu lillahi, an samu sauƙi mai yawa. Amma da ta zauna kaɗan za ta lura da abin da nake gani: ana kai jariri rigakafi a kan lokaci, uwar da ta goyo shi kuwa ba mai tambayar jikinta. Kuma har yau akwai mazan da ke cewa a bari a ga gobe.

Shi ya sa in na je barka ba na fara karɓar jariri. Sai na zauna kusa da mai jego, na taɓa wuyanta, na tambaye ta abin da kunya ke hana ta faɗa. Suna cewa Hajiya ta cika bin ƙwaƙwaf. Su yi ta faɗa.

Malam ya riga mu gidan gaskiya, wanzamin ma haka, mai amalanken ma. Saura ni, da Sagiru, wanda ya fara furfura amma tsofaffin ƙauye ba su san shi da wani suna ba sai Ɗan Daso. Sai Yaya Ladi, tana Kafin Hausa wurin ɗanta, ido ya tafi, baki yana nan. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta ce da ma tana shirin cewa a kai ni asibiti, Bafulatanar ce ta riga ta. Nakan ce, "Haka ne, Yaya." Tun da ina raye, na bar mata.