Kawu Girdhari, Mai Buɗe Idon Lakshmi

Ban taɓa buƙatar agogo a gidan nan ba. Bango ɗaya ya raba ɗakina da rumfar sassaƙa ta attajiri Set Motilal, kuma tun ina amarya har na yi ritaya daga koyarwa, 'yar gudumar Kawu Girdhari ce ke gaya mini gari ya waye. Yakan iso da sanyin safiya a kan tsohon kekensa, gashinsa da sauran danshin wanka, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya taɓa goshinsa da cizal, ƙarfen sassaƙarsa, sannan ya zauna a kan buhun da ya ninke. Badri mai shayi zai miƙo kofi, shi kuma ya ce, "Ajiye, bari in gaida masu gida tukuna." Masu gidan su ne jerin gumakan Lakshmi, Uwar arziki, na farar marmara, zaune a kan furen bado suna jiran fuska. Shayin sai ya huce, Badri ya yi ta mita, gobe kuma a maimaita.

Sama da shekara arba'in aikinsa ɗaya ne a layin masassaƙan nan na Jaipur, wato fuska. Wasu ne ke fasa dutsen da ake kawowa daga Makrana, wasu su fitar da jiki da hannuwa huɗu, mata su goge, masu fenti su sa ruwan zinariya. Amma kumatu da haɓa da wannan ɗan murmushin da ke sa mace ta tsaya a gaban shago har ta manta da cefanen da ya fito da ita, wannan na Kawu ne. Fuskokinsa suna gidajen mutane a Mumbai, suna Dubai, suna ƙasashen da shi ko sunansu bai iya faɗa daidai ba. Ku juya kowacce ku duba ƙasanta, sunan shago kawai za ku gani.

Kwanan nan ya ajiye guduma. Na so in rubuta masa jinjina cikin sanyin rai, irin wadda ake karantawa ana murmushi. Na gwada na kasa, don raina a ɓace yake, kuma zan faɗi dalili. Sai dai bari in fara da abin da mutane suka gani da idonsu, kada a ce Malama Sarla ta tsufa ta koma neman faɗa.

Badri ya ba ni labarin wata tsohuwa da ta zo daga ƙauye, mijinta ya rasu, tana neman 'yar ƙaramar Lakshmi wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Irin waɗannan jaka-jaka ake yin su, a shafa fuska a wuce. Kawu ya kashe mata yini guda. Abokan aiki suka ce, "Kawu, wannan 'yar mitsitsiyar wa zai duba?" Ya ce, "Ita za ta duba, kullum safiya." Ya ci gaba da aikinsa.

Dhapu mai gugar dutse kuwa, wadda ta tsufa a rumfar tare da shi, ita ta shaida abu na biyu. Wata shekara gab da bikin Diwali, Kawu ya kusa gama wata babbar Lakshmi sai ga tsaga siririya kamar gashi a wuyanta. Kowa ya san ba a ajiye fasasshiya a ɗakin ibada, kuma kowa ya san abin da ake yi a layinmu in hakan ta faru: a cika da garin dutse da gam, a zana sarƙa a kai, a yi shiru. Set Motilal ya ce, "Girdhari, sarƙa za ta rufe." Kawu ya ce, "Za ta rufe wa mai saye, Setji. Matarsa fa da za ta durƙusa a gaban abin da ya fashe ba ta sani ba?" Ya ture ta gefe ya sake daga farko. Set Motilal ya yi faɗa har ya gaji, amma mutum ne mai kunya. Da yamma ya nuna wani guntun dutse da ya rage a lungu, ya ce, "Ɗauki wancan, naka ne. Ka yi wa gidajen duniya, ka yi wa naka." Dhapu tana tsaye aka faɗi haka.

Kai ne, Kawu, wanda ya cika gidajen attajirai da Uwar arziki alhali a ɗakinka babu ita. Kai ne ka riƙa satar lokacin cin abincinka na rana kana taɓa guntun nan kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, kana lulluɓe shi da buhu in ka tashi. Na ga Lakshmin nan taka sau da dama. Ban iya yabon dutse ba, amma na san duk ranar da na leƙa ta sai in koma gida in kasa yi wa kowa tsawa.

Ya gama komai nata sai abu ɗaya. Ido shi ne na ƙarshe. Ɗigon baƙin nan na tsakiya, da shi take fara gani, kuma mu a layinmu mun tashi mun tarar ana cewa wanda Uwa ta fara kallo, a wurinsa albarkarta take zama. Shi ya sa mai buɗe ido ba ya tsayawa a gabanta. Ta gefe yake raɓawa, ya ɗiga, ya rufe da auduga, ya zaga ɗaya gefen ya yi haka, sannan ya ɗaure fuskar da jan ƙyalle. Ba a kwancewa sai a gidan wanda ya saya, iyalinsa na zaune a gaba. Idanun da Kawu ya buɗe ba su ƙirguwa, kuma bai taɓa barin ko ɗaya ya sauka a kansa ba. Tasa ce kaɗai ya bari ba ɗigo. Yakan ce, "Ranar da na ajiye aiki zan goya ta a keke in kai ta gida, in zaunar da uwar Santosh a gabanta, sannan in ɗiga." Uwar Santosh ita ce Gyarsi, matarsa. Kuma ranar ta matso, don yanar ido ta fara rufe masa gani, har sai ya kai hanci kusa da dutse yake ganin abin da yake yi.

To, Set Motilal ya rasu, shago ya koma hannun ɗansa Trilok, wanda Kawu ya sha saɓawa a kafaɗa ya kai shi kallon kasuwar biki. Trilok ya ɗaga buhu ya ga abin da ke ƙasa, ya ɗauki hoto ya sa a intanet, ya rubuta cewa aikin hannu ne na gaske. Wani mutum a Kanada ya saya. Trilok bai gaya wa kowa ba.

Ranar sallama ina wurin, har an ce in yi jawabi. Aka rataya wa Kawu furanni, aka yafa masa mayafin ulu, aka ɗora masa kwalin alawar laddu, Trilok ya rungume shi aka ɗauki hoto. Mai hoto bai gama sauke hannu ba Trilok ya ce, "Kawu, ɗan aiki ɗaya ya rage. Waccan ta lungu, a buɗe mata ido yau, gobe za ta shiga akwati."

Kawu ya ce, "Wacce, Setji?"

"Ta ƙarƙashin buhu mana. An saye ta."

"Ai tawa ce. Babanka ya ba ni dutsen."

"Baba ya ba ka ka sassaƙa ne, Kawu, bai ce ka tafi da shi ba. Dutsen shago, cizal na shago, inuwar shago. A ina aka rubuta taka ce?"

Dhapu ta yar da tsumman hannunta. "A bakin ubanka aka rubuta, ina tsaye. Kai lokacin majina ke dalala a hancinka."

"Inna, ki ji da gugarki." Ya juya ga Kawu yana murmushi. "In ba za ka iya ba, ba komai, ka huta. Akwai mai fenti a layin baya, yanzu-yanzu zai ɗiga."

Duk mun san mai fentin nan. Idon da yake yi kamar na akuyar da ta firgita. Trilok ma ya sani, shi ya sa ya ambace shi, kuma wannan ne abin da ba zan yafe masa ba. Ya san Kawu zai iya rabuwa da ita, amma ba zai iya tsayawa a ɓata mata fuska ba.

Kawu ya ce a kawo burushi. Kafin a kawo, Dhapu ta ja hannun rigarsa gefe, ni ma na bi su. Ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Yaya, ji nan. Ka tsaya a gabanta. Ka ɗiga kana kallonta ido cikin ido. Kai za ta fara gani, su kuma a kai musu dutse. Wa zai sani?" Na ce, "Gaskiyarta, Kawu, haƙƙinka ne." Har gobe ban janye ba, haƙƙinsa ne.

Ya janye buhun. Ya durƙusa a gabanta, ya daɗe, yana share mata ƙura daga kumatu da babban yatsa. Masu fasa dutse na waje ma suka tsaya. Ya tsoma burushi. Na riƙe hannun Dhapu, don na ɗauka ya ji maganarmu. Sai ya ja gwiwa ya koma gefen dama, ya kai fuskarsa kusa da kunnenta, ya ɗiga, ya rufe da auduga. Ya zaga hagu ya yi haka. Ya ɗaure jan ƙyallen da kansa, ya gyara ƙullin.

Dhapu ta ce, "Haba Yaya."

Ya ce, "Mutanen can me suka yi mini? Akwai wata mata a can ta share wuri tana jira. Ban taɓa aika wa kowa wadda aka sace wa kallo ba. Da tawa zan fara?"

Ya cire mayafin ya ninke a kan buhunsa, ya miƙa wa Badri kwalin laddu, ya sa takalmi. Bai hau keken ba, tura shi ya yi har ya sha kwana. Maƙwabciyarsu ta gaya mini cewa Gyarsi tun jajiberin ranar ta shafe taga ɗaya ta bango, inda za a ajiye Lakshmin, da farar ƙasa, ta jera furanni, ta ɗaura sabon zanen sari. Da ya iso ta dubi bayan keken, ta dube shi. Ta ce, "Baban Santosh, wanke hannu, gurasar roti za ta huce."

Trilok, na koyar da kai a aji uku, na san kana iya karatu, to karanta. Ka sayar da Uwar arziki ta mutumin da ya ciyar da gidanku da idonsa. Ka rataya masa fure da hannu ɗaya, ka zare masa abu ɗaya tak da ya mallaka da ɗayan. Tir da wannan ciniki. Kuma kada sauran masu shaguna su yi dariya, don na san nawa ne a cikinku ke kwaɓa garin dutse a zuba a mazubi, a rubuta aikin hannu. Mu ma da muka cika rumfar muna kallo ba mu fita ba. Mutum nawa ne a wurin, amma tsohuwa ɗaya mai guga ce kaɗai ta buɗe baki a gabansa. Akwati ya tafi washegari, ba wanda ya tsaya a ƙofa.

Bayan ta tafi ne muka farka. Matan layi da Badri da Yakub mai kawo dutse daga Makrana muka haɗa kai, Yakub ya zaɓo guntu fari sol, ba jijiya ko ɗaya, aka ɗora a amalanke muka raka shi har gidan Kawu. Muna tafe muna jin mun yi abin kirki. Ya fito, ya tsuguna, ya bi dutsen da tafin hannu ta kowane gefe, ya ƙwanƙwasa ya kara kunne. Ya ce, "Yakub, wannan ai ya fi wancan." Muka yi dariya. Sai ya miƙe yana dafa gwiwa ya ce, "Ku kai wa mai ido. Ɗan ganin da ya rage mini, lallaɓa shi na yi ta yi don waccan. Ya ƙare."

Mun gode, Kawu Girdhari, gwanin fuska. Mun gode da tsagar da ka ƙi rufewa, da yinin da ka ba tsohuwar ƙauye, da kallon da ka bar wa matar da ba ka sani ba a ranar da kowa zai ba ka uzuri in ka ɗauke. Ku matasan da ke riƙe da cizal, ku koyi wannan raɓawar ta gefe, ku koyi abin da ke sa mutum ya yi ta ko ba mai kallo. Ku masu kwance jan ƙyalle a gidajenku bana, ku tambayi shago sunan wanda ya ɗaure shi, kada ku yarda a ce muku ba a sani ba. Mu kuma na layi, in muna da abin yi wa wani tsoho, mu yi masa tun yana gani.

Mun ƙi ɗauke dutsen. Yana nan a ƙofar gidansu, Gyarsi tana shanya barkono a kai.