Ƙullin Igiyar Yunusu

A ƙauyukan da ke tsakanin Affala da Takanamat, in rijiya ta ƙafe ko ta rufta, Yunusu mai rijiya ake fara aika wa. Gajere ne kakkaura, ya haura shekara hamsin da biyar, kuma ba ya kallon mutum sai ta gefen ido. Tun yana saurayi ya tafi Abijan kamar sauran Adarawa, mutanen yankinsu. 'Yan uwansa suka kama talla a bakin titi, shi kuwa ya faɗa hannun wasu masu ginin rijiya, ya yi shekara tara tare da su. Ya dawo gida da sana'a a hannu, ya kuma dawo da halin da kowa ya san shi da shi, wato bai yarda da kowa ba. Wasu sun ce wani abokin aiki ne ya ci amanarsa a can, wasu sun ce haka yake tun yana ƙarami. Shi dai bai taɓa faɗa ba.

Mutum uku yake aiki da su, duk magidanta masu iyali. Akwai Adamu, wanda ya shekara goma sha huɗu a ƙarƙashinsa, akwai Muktari mai ƙarfi da yawan dariya, sai Almoustapha, Buzu ne da ya girma a bakin rijiyoyin makiyaya. Ko wane ɗayansu ya isa a ba shi rijiya ya gina, amma a wurin Yunusu aikinsu jan igiya ne da zubar da ƙasa. Shi ke magana da mai gari, shi ke awo, shi ke shiga, shi ke cewa an kai ruwa. Kowace safiya da hannunsa yake ƙulla guntun itacen da yake zama a kai in za a zura shi, kuma juya musu baya yake yi don kada su ga yadda yake ƙullin. In ya gama sai ya koma gefe ya yi nafila raka'a biyu, sannan ya zo ya shiga.

Da can su huɗu ne. Na huɗun, Hasan, ya taɓa cewa a gaban mutanen wani gari bangon rijiyar da suke gini ya karkace. Gaskiya ya faɗa, Yunusu ma ya gyara bangon, amma da aka gama aikin bai sake kiran Hasan ba. Cewa ya yi wanda ya fara gyara wa maigidansa magana a gaban jama'a, wurinsa yake nema.

A wata bazara makiyayan arewacin Takanamat suka aiko a zo a yashe musu rijiya a kuma ƙara mata zurfi. Tsohuwar rijiya ce, ta kai gaba talatin, ruwanta ya koma laka. Ana gobe za su tafi, ranar Lahadi, Yunusu ya dawo daga kasuwar Tawa ya tarar da Adamu tsaye a ƙofar gidansa, Raƙiya matar Yunusun tana daga cikin zaure, suna magana ƙasa-ƙasa. Da suka gan shi suka yi tsit. Raƙiya ta ce gaisuwa ce kawai. Yunusu ya shige gida, amma ya san gaisuwa ba ta sa mutum ya sunkuyar da kai.

A bakin rijiya abin ya ƙaru. In ya tunkaro inuwar aduwar da suka sauka a ƙarƙashinta, sai hira ta mutu. Adamu, wanda Buzancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, ya koma yana ƙus-ƙus da Almoustapha da Buzancin. Muktari ya daina dariya. Rana ta huɗu Yunusu ya ɗaga tabarmar Adamu yana neman wuƙa, sai ga sabuwar igiya a naɗe, doguwa, wadda ba shi ya ce a sayo ba. Ya mayar da tabarmar yadda take. Rana ta shida, ya zo zai zauna a kan itacen, sai ya ga jelar ƙullin ta fi yadda ya bar ta tsawo, kuma ta kalli hagu. Shi kuwa tasa dama take kallo tun da ya fara sana'a.

Ya shiga rijiyar ranar, amma bai yi aikin kirki ba. Yana ƙasa yana ɗaga kai yana duban ɗan hasken da ke sama da kawunan mutum uku, yana haɗa abu da abu. Adamu ya gaji da jan igiya, yana son sunan ya koma nasa. Sabuwar igiyar ta aikin da za su fara ce bayan ransa. In maigida ya faɗi daga gaba talatin, wa zai tambaya? Sai a ce kwana ya ƙare. Inda ya kasa sa Raƙiya cikin lissafin ne ya fi ci masa rai, don shekara talatin suna tare. Daga ranar ya daina shan shayin Almoustapha, ya daina sa hannu a kwanonsu, sai garin rogo da ƙulin da ya zo da su. Maimakon ya rage shiga, sai ya ƙara, safe da yamma, cikin wannan zafi, don kada ɗayansu ya sami hanyar cewa bari in karɓe ka. Ya rame, idanunsa suka faɗa.

Rana ta tara ya shirya musu. Ya ƙulla itacen, ya ɗauki buta ya zaga bayan wata ƙatuwar tumfafiya kamar kullum, amma bai tayar da salla ba. Ya ɗan jinkirta, sannan ya lallaɓo ta ɗaya gefen. Ga Adamu a tsugune, ƙullin a kwance a hannunsa, Muktari da Almoustapha sun tsaya sun kare shi da jikinsu.

“Adamu,” in ji Yunusu. “Mi na yi maka?”

Adamu ya miƙe, igiyar tana hannunsa. Yunusu ya ɗaga murya ya kira makiyayan da ke jiran ruwa da dabbobinsu, ya ce su zo su shaida. Cikinsu akwai dattijonsu, Mamman, wanda shi ya aika a kira masu rijiyar. Yunusu ya zayyana komai a gabansa, tun daga ƙofar gida har zuwa igiyar da ke ƙarƙashin tabarma. Ya ce a riƙe mutanen nan uku a kai su gaban hukuma, don ransa suke nema.

Mamman ya dubi Adamu ya ce ya yi magana. Adamu bai rantse ba, bai kuma musa ba. Ya miƙa wa Yunusu igiyar da itacen da hannu biyu.

“Maigida, ka ƙulla yadda ka saba. Mu rataya ga reshen aduwa, Muktari shi zauna. In ya riƙe shi, ku kai ni inda za ku kai ni.”

Yunusu ya karɓa a fusace. Ya juya baya ya ƙulla, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Aka jefa igiyar bisa reshe, makiyaya biyu suka riƙe, Muktari ya zauna ya ɗaga ƙafafunsa. Bai yi numfashi uku ba ƙullin ya zame, itacen ya fita, Muktari ya zube a ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Yunusu ya ce an gaggauta shi ne. Ya sake ƙullawa, wannan karon a gaban kowa, a hankali. Muktari ya sake zama. Ƙullin ya riƙe na ɗan lokaci, sannan jelar ta fara shigewa kaɗan-kaɗan, kowa yana kallo, har Muktari ya sa ƙafa ya tsaya da kansa.

Yunusu ya dubi hannunsa na dama. Tun damina babban yatsa da biyun da ke kusa da shi suke masa kamar ba nasa ba. Yana jin ya matse abu, alhali bai matse ba. Ya san da haka, ya dai hana kansa tsayawa a kai.

Sai Adamu ya faɗi sauran. Ya ce wata biyar ke nan, tun wata rijiya da suka yi a Bambeye, ya ga ƙullin yana sassautawa Yunusu na tsakiyar hanya, Allah ne ya tsare. Tun daga ranar, duk safiya in maigida ya tafi nafila sai ya kwance ya sake ƙullawa, don shekara goma sha huɗu ta ishi mutum ya koyi ƙulli ko da ta bayan kafaɗa yake kallo. Raƙiya kuwa ita ta kira shi, don ta ga kofi yana suɓuce wa mijinta, ta roƙe shi ya sa ido. Sabuwar igiyar sun samo ta ne don a riƙa ɗaura wa mai shiga a ƙugu ta zama ta biyu, amma kwana tara suna tura wa juna wanda zai fara faɗa.

“To don mi ba ku gaya mini ba?” in ji Yunusu.

Almoustapha ne ya amsa, shi da bai cika magana ba. “Maigida, Hasan ya gaya maka magana sau ɗaya. Muna da iyali.”

Ba godiya ce ta fara zuwa wa Yunusu ba. Kunya ce, sannan haushi, sannan wani sabon zargi: mutanen da suka iya ɓoye masa abu wata biyar, me kuma suka ɓoye? Ya koma gindin aduwa ya zauna har rana ta take. Shanu suna ta kuka a bakin komayen shan ruwa. Mamman ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya ce shi ba ruwansa da wanda zai shiga, amma dabbobi ba su sha ba tun jiya.

Bayan azahar Yunusu ya tashi ya ce Adamu ya shirya. Ya sa aka ɗauko sabuwar igiyar aka ɗaura masa a ƙugu. Adamu ya yi ƙullin itacen, Yunusu ya karɓa ya jujjuya shi, ya nemi aibi bai samu ba. Aka zura Adamu. Rabon Yunusu da ya tsaya a sama wani yana ƙasa tun Abijan. Nan ya ga abin da bai taɓa gani ba. Muktari da Almoustapha ba sa jiran kira daga ƙasa, daga motsin igiya a tafinsu suke gane guga ya cika ko mai aiki yana son hutu. Ashe haka suke yi masa shekara da shekaru, shi yana ƙasa yana zaton tsawarsa ce ke tafiyar da aiki.

Da aka fara fito da ƙasa, Almoustapha ya matso ya ce, cikin dabara, yana ganin akwai rairayi mai gudu ta gabas, ya san irinsa a rijiyoyin ƙasarsu. Yunusu ya ɗebi ƙasar da hannun hagu ya murza, ya sansana. Haka ne. Ya so ya ce ya riga ya gani, sai ya tuna kwana uku yana sara a gefen wurin bai lura ba. Ya ce a dakata da sara a fara sa zoben siminti. Su uku suka riƙa shiga bi da bi, shi yana sama yana duba abin da guga ya fito da shi yana faɗin inda za a bi. Aikin da ya yi wa zaton mako biyu ya ƙare cikin kwana shida, ruwa ya taso har gaba biyu.

Da suka koma Tawa ya je likita. Aka ce jijiya ce ta gaji, za a rage masa ciwon amma ƙarfin ba zai dawo duka ba. Ya yi kwana biyu bai yi wa Raƙiya magana ba, a na uku ya ce mata nan gaba in ta ga abu ta faɗa masa shi, ba mutanen waje ba. Ta ce ta ji, in zai saurara. Ya aika wa Hasan ya dawo, Hasan ya aiko da gaisuwa ya ce yana da nasa mutanen yanzu.

Halin bai bar Yunusu ba. Har yau in biyu daga cikinsu suka keɓe, sai ya sami abin ɗauka a kusa da su. Amma bai sake shiga rijiya ba, kuma kafin a sara ko'ina yana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya abin da suka gani. Bara aiki biyu suka zo masa a mako ɗaya, ya riƙe ɗaya, ya ba Muktari ɗayan a wani ƙauye kusa da Affala, tare da sabbin mutum biyu. Ya daure kwana biyar. A na shida ya ce wa Adamu zai je jana'iza, ya hau kabu-kabu ya nufi ƙauyen. Ya sauka nesa, ya ƙarasa da ƙafa, ya leƙa rijiyar lokacin da masu aikin suka tafi salla. Zobe na bakwai ya ɗan kauce, bai kai faɗin yatsa ba. Yana tsaye yana tunanin yadda zai faɗa, sai ya ga an riga an shafa wa wurin alama da gawayi, ga kuma ƙarfen da za a tayar da shi an jingine a gefe. Ya koma inda mai kabu-kabu ke jiransa, kafin la'asar yana bakin tasa rijiyar.